Albashin masu kashe wutar daji a Amurka: me ya sa ake ta jayayya a kan haƙƙinsu?

Nawa ya kamata gwamnati ta biya mutumin da ta tura ya tare wutar daji da gatari da shebur? Wannan tambaya takan taso a Amurka duk lokacin da wuta ta ci gari. Ta taso a watan Nuwamban 2018 bayan da gobara ta shafe garin Paradise a jihar Kalifoniya ta kashe mutum 85, ta kuma sake tasowa a Janairun 2025 lokacin da wuta ta lashe gine-gine fiye da 16,000 a yankin Los Angeles. Da yawa daga cikinmu idan muka ji an ce ma'aikacin yana karɓar dala 15 a awa ɗaya, sai mu ɗauko waya mu juya kuɗin zuwa naira ko sefa, mu ce to me kuma yake nema? A nan kuskuren fahimtar yake. Adadin da ake biya a awa ɓangare ne kawai na maganar. Babban abin dubawa shi ne yadda aka gina albashin, domin an gina shi ta yadda ma'aikaci ba zai iya riƙe gida ba sai wuta ta yi yawa kuma ya ƙarar da jikinsa a cikinta.

Su wane ne ake magana a kansu?

Ba 'yan kwana-kwanan gari ba ne, masu jar mota da jiniya da mesa. Waɗancan ma'aikatan birane ne da ƙananan hukumomi, kuma albashinsu daban yake. Waɗanda ake magana a kansu ma'aikatan gwamnatin tarayya ne da ke kare dazuzzuka da filayen gwamnati. Mafi yawansu, fiye da mutum 10,000, suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Dazuzzuka, wadda ke cikin Ma'aikatar Noma. Wasu dubbai kuma suna ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, mai kula da gandayen shaƙatawa da filayen kiwo da yankunan 'yan asalin ƙasar.

Wanda ya taɓa ganin mutanen ƙauye sun fito da ɗanyen reshe lokacin hunturu suna bugun wutar da ta doshi rumbuna zai gane tushen aikin. A cikin daji ba da ruwa ake kashe yawancin wuta ba, raba ta ake yi da abin da za ta ci. Rukunin mutum ashirin da ake kira hotshot sukan jeru a gefen tsauni, masu injin yanka itace a gaba suna sare bishiyoyi da ƙirare, na bayansu suna janye abin da aka sare, sauran kuma suna kankare ciyawa da saiwoyi har sai jar ƙasa ta fito. Kayan aikin da aka fi sanin su da shi wani ƙarfe ne mai baki biyu, gatari ta gefe ɗaya, fartanya ta ɗaya gefen, wanda ake kira Pulaski da sunan wani jami'in daji da ya ceci yawancin mutanensa a babbar gobarar 1910. Haka za su yi ta jan wannan layi na tsawon kilomitoci, a sunkuye, hayaƙi na shiga ido, kowa da jaka a baya mai ɗauke da ruwan sha da abinci da wata 'yar rumfa mai ƙyalli da mutum zai shige ciki idan wuta ta rutsa da shi. Akwai kuma waɗanda ake sakowa da lema daga jirgin sama a wuraren da mota ba ta zuwa.

Kafin a ɗauki mutum sai ya yi tafiyar kusan kilomita 5 da kaya mai nauyin kilo 20 a cikin minti 45. Idan aka tura shi wuta, kwana 14 zai yi a jere ban da kwanakin tafiya, sau da yawa awa 16 a rana, ya kwanta a ƙasa a cikin tanti ko ma a fili, ya dawo ya huta kwana biyu ko uku, a sake kiransa.

Sunan da ke kan takarda

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, shekara da shekaru gwamnatin Amurka ba ta rubuta waɗannan mutane a matsayin masu kashe gobara ba. A takardar ɗaukar aiki sunansu mataimakan aikin gandun daji, rukuni ɗaya da mai auna bishiyoyi da mai gyaran hanyar ƙafa a cikin daji. Suna kuwa ba ƙaramin abu ba ne a aikin gwamnati, domin shi ke tsayar da matakin albashi. Tsarin nasu yana da mataki 15, kamar yadda ma'aikacin gwamnati a Najeriya ya san matakan albashi, kuma sabon mai kashe wuta yakan fara ne daga mataki na 3 ko na 4. A shekarar 2021 wannan yana nufin dala 13 da 'yan kai a awa, a daidai lokacin da shagunan sayar da abinci a wasu garuruwan yammacin ƙasar ke neman ma'aikata a kan abin da ya fi haka. A watan Yunin shekarar Shugaba Joe Biden ya fito fili ya ce wannan albashi bai dace ba, aka ɗaga mafi ƙarancinsa zuwa dala 15. Sai a 2022 aka ƙirƙiro musu rukunin aiki nasu na kansu mai ɗauke da sunan kashe wutar daji.

Yadda ake haɗa kuɗin, da inda matsalar take

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata, domin duk rigimar a nan take. A asali, abin da ke shiga aljihun ma'aikacin kashi uku ne: tushen albashi na awa 40 a mako, kuɗin ƙarin lokaci wanda ga ƙananan ma'aikata yake daidai da kuɗin awa ɗaya da rabi, sai alawus ɗin kasada, wato ƙarin kashi 25 cikin 100 a ranar da mutum ya yi aiki a bakin wutar da ba a shawo kanta ba.

Mu ɗauki ma'aikacin wucin gadi, irin wanda ake ɗauka da bazara a sallame shi da kaka. Ƙa'ida ta taƙaita irin wannan aiki zuwa awa 1,039 na tushe a shekara, wato ƙasa da wata shida da kaɗan, don kada ya shiga sahun ma'aikatan dindindin. A kan dala 15 ɗin nan ta 2021, tushen albashinsa na shekara bai kai dala 15,600 ba. Idan shekarar ta zo da wuta mai yawa ya yi awa 1,000 na ƙarin lokaci, abin da ba baƙo ba ne ga 'yan hotshot, zai sami dala 22,500 a kai, ban da alawus ɗin kasada. Ka ga ke nan fiye da rabin abin da zai kai gida ya fito ne daga awoyin da ya kamata a ce yana barci ko yana tare da iyalinsa. Awa 1,000 kuwa daidai take da aikin wata shida na ma'aikacin ofis, shi kuma ya cusa ta a cikin wata shidan da yake aikinsa na asali. Shekara guda ya yi a cikin rabin shekara.

Idan kuma aka yi shekara mai damina, wuta ta yi ƙaranci, jama'a sun ji daɗi, shi kuwa ya shiga uku, domin kuɗin haya da abincin hunturu ba za su fito ba. Tsarin ya mai da bukatar ma'aikaci kishiyar bukatar al'ummar da yake karewa. Ya kuma sa mutum ya riƙa ɓoye ciwon gwiwa ko tari don kada a bar shi a sansani ya rasa kwana 14 na ƙarin lokaci. Ni a ganina wannan ya fi ƙarancin dalolin muni.

Akwai wasu ramukan. Ma'aikacin tarayya da ke sansanin wuta, ɗaruruwan kilomitoci daga gida, ba a biyansa awoyin da yake kwance, ko da yake ba shi da ikon barin wurin. Takwaransa na hukumar kashe gobara ta jihar Kalifoniya, wato Cal Fire, ana biyansa tun daga lokacin da ya bar tasha har ya dawo. Su biyun suna iya kwana a fili ɗaya, su tashi su tare wuta ɗaya, amma abin da za su karɓa ya sha bamban.

Sai batun ƙona daji da gangan. Masana sun daɗe suna cewa hanya mafi inganci ta rage babbar gobara ita ce a riƙa cinna ƙaramar wuta a lokacin sanyi da laima, ta cinye busasshen ganye da ƙirare kafin zafi ya zo. Aiki ne mai hayaƙi da haɗari, amma shekaru da yawa ba a biyan alawus ɗin kasada a kansa, saboda a takarda wuta ce da ke ƙarƙashin kulawa. Wato aikin rigakafi, wanda ya fi amfanar jama'a, shi ne mafi ƙarancin lada.

Fansho kuma a kan tushen albashi ake lissafa shi. Duk dubban awoyin ƙarin lokacin nan ba sa shiga. Ma'aikacin gwamnati a wajenmu ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan, domin ya san bambancin tushen albashi da alawus: alawus yana daɗi a ƙarshen wata, ranar ritaya kuma a neme shi a rasa.

Me ya sa abin ya fashe a 'yan shekarun nan?

A da aikin na ɗalibai ne da samari marasa iyali, su yi watanni uku ko huɗu su tara kuɗin makaranta su wuce. Wutar ce ta canza. A 1935 hukumar dazuzzuka ta ɗauki manufar kashe kowace wuta kafin ƙarfe 10 na safen washegari, abin da ya sa busassun itatuwa suka taru a dazuzzuka na gomman shekaru. Ga fari da zafi suna ƙaruwa, ga mutane suna ta gina gidaje a bakin daji. A shekarun 2015 da 2017 da 2020, kowace shekara wuta ta ci fiye da eka miliyan 10, kusan ninki biyu na faɗin jihar Kano. A 1995 kashe wuta yana cin kashi 16 cikin 100 na kasafin hukumar dazuzzuka, a 2015 ya haura rabi. Lokacin wuta ya miƙe har jami'ai suka daina cewa kakar wuta suka koma cewa shekarar wuta.

Aikin ya zama sana'a ta dindindin mai bukatar ƙwarewa, albashin kuwa ya tsaya a na ɗan ƙwadagon rani. A lokaci guda kuɗin haya a garuruwan da ke kusa da dazuzzuka da wuraren yawon buɗe ido ya yi tashin gwauron zabo, har aka riƙa samun ma'aikata suna kwana a cikin motocinsu. Sai aka fara ficewa, wasu zuwa Cal Fire, wasu zuwa hukumomin birane, wasu zuwa kamfanonin wutar lantarki. A Nuwamban 2022 ofishin da ke bin diddigin ayyukan gwamnati a madadin majalisar dokoki ya fitar da rahoto cewa ƙarancin albashi shi ne dalilin da aka fi ambata na wahalar ɗaukar ma'aikata da riƙe su.

Waɗanda ke tafiya su ne suka fi tsada. Sabon yaro ana iya horar da shi a cikin mako guda ya riƙe shebur. Amma shugaban rukuni da zai dubi yadda hayaƙi ya karkata, ya ji iska ta juya a fuskarsa, ya ce kowa ya bar wannan kwari yanzu, shi sai an shekara goma ko fiye ana gina shi. Idan irinsa ya tafi, motar kashe wuta tana iya zama a tasha don babu mai izinin jagorantar ta.

Daga ƙarin wucin gadi zuwa na dindindin

A Nuwamban 2021 majalisa ta amince da babbar dokar gina ababen more rayuwa, aka ware dala miliyan 600 a ciki don waɗannan ma'aikata. Kowa ya sami ƙarin dala 20,000 a shekara ko rabin tushen albashinsa, duk wanda ya fi ƙanƙanta. Ƙari ne mai tsoka, sai dai na wucin gadi ne, kuma ba ya shiga fansho. Kuɗin ya doshi ƙarewa a ƙarshen Satumban 2023, ƙungiyar ƙwadagonsu ta yi gargaɗin cewa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ma'aikatan za su iya ajiye aiki. Daga nan aka shiga kwan gaba kwan baya: duk bayan 'yan makonni ko watanni majalisa ta tsawaita ƙarin a cikin kasafin wucin gadi. Mai iyali ba zai iya karɓar bashin gida ko ya yanke shawarar zama a aikin ba alhali bai san ko kashi ɗaya cikin uku na albashinsa zai kai wata mai zuwa ba.

Sai a watan Maris na 2025 aka mai da ƙarin na dindindin a dokar kasafin da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu. An yi musu jadawalin albashi na musamman: ƙarin kashi 42 cikin 100 a mataki na 1, yana raguwa har zuwa kashi 1.5 a mataki na 15. Tunda yanzu a cikin tushen albashi yake, yana ɗaga kuɗin ƙarin lokaci da na kasada da fansho. An kuma ƙirƙiro alawus na kwanan daji, daidai da kuɗin awa huɗu da rabi a kowace rana idan an tura mutum wutar da ta daɗe, amma ba zai wuce dala 9,000 a shekara ba. Wannan nasara ce ta gaske, kuma ma'aikatan da kansu suka yi fafutukar ta, ta hanyar ƙungiyar ƙwadago da wata ƙungiya ta tsofaffin ma'aikata da masu ci da ake kira Grassroots Wildland Firefighters.

Abin da ɗaya ɓangaren ke cewa

Kusan babu ɗan siyasar da ya fito ya ce kada a biya su. Jayayyar a kan kuɗin ne da inda za a samo shi. Masu tsuke bakin aljihu suna cewa duk dalar da ta tafi albashi an ɗebe ta ne daga gyaran daji da rage busassun itatuwa, kuma ƙarin dindindin nauyi ne da za a ɗauka har abada. Wasu suna cewa idan aka haɗa ƙarin lokaci, ma'aikacin yana samun abin da ya fi na malamin makaranta a wasu jihohi. Haka ne a shekara mai wuta, amma kwatancin ya manta da adadin awoyin da aka saya da kuɗin. Hujjar da na fi ganin nauyinta ita ce ta sauran ma'aikatan hukumar: masu kula da hanyoyi da masana tsirrai da yawa suna da takardar shaidar kashe wuta, ana kiran su idan abu ya yi tsanani, amma sabon jadawalin bai shafi tushen albashinsu ba. Irin waɗannan ma'aikata ne korar da aka yi a Fabrairun 2025 ta fi shafa, lokacin da aka sallami dubban ma'aikatan hukumar, ko da yake an ce an tsame masu kashe wuta.

Akwai kuma waɗanda ke ƙasan kowa. Kalifoniya ta daɗe tana amfani da fursunoni a bakin wuta, kuma kusan 1,000 daga cikinsu sun yi aiki a gobarar Los Angeles a kan dala 5.80 zuwa 10.24 a rana, da ƙarin dala ɗaya a awa lokacin gaggawa. Surutun da ya biyo baya ya sa jihar ta yi dokar biyan su dala 7.25 a awa idan suna bakin wuta. A 2016 ma'aikata kusan 300 daga Afirka ta Kudu da aka kai Kanada yaƙi da gobarar Fort McMurray sun ajiye kayan aiki bayan sun gano cewa alawus ɗin da ake miƙa musu, dalar Kanada 15 a rana, ya yi nesa da abin da lardin Alberta ke biya a kan kowannensu. Duk inda aka je, ana samun wani da ake ganin guminsa ya fi araha.

Bashin da jiki ke biya daga baya

A 2022 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin kashe gobara a rukunin farko na abubuwan da ke jawo cutar daji. Mai kashe gobarar gari yana da tukunyar iska a baya. Na daji ba zai iya hawa tsauni da ita awa 16 ba, don haka shekaru da dama abin da ke tsakanin huhunsa da hayaƙi ƙyalle ne kawai. A ƙarshen 2022 aka yi dokar da ta ce wasu nau'o'in cutar daji da cututtukan zuciya da huhu za a ɗauke su a matsayin ciwon aiki, ba sai ma'aikaci ya kawo hujjar wutar da ta jawo masa ba.

Bambancin dindindin da wucin gadi kuwa har kabari yake bin mutum. Ranar 30 ga Yunin 2013, wutar Yarnell a jihar Arizona ta rutsa da rukunin Granite Mountain, mutum 19 cikin 20 suka mutu, wanda ya tsira shi ne mai gadin da aka ajiye a wani wuri daban. Su ma'aikatan birnin Prescott ne, ba na tarayya ba, amma abin da ya biyo baya ya fito da matsalar fili: 13 daga cikin mamatan a takarda 'yan wucin gadi ne, aka ce iyalansu ba su cancanci cikakken haƙƙin da iyalan sauran shidan za su samu ba. Wasu daga cikin matansu sai da suka yi ta shari'a. Mutane ne da suka hau tsauni ɗaya da safe, suka shiga rumfunansu a wuri ɗaya da yamma.

Abin da ya shafi talaka, da abin da ya rage

Mazaunin bakin daji shi ne na farko da zai ji a jikinsa idan ƙwararru suka watse, domin yawancin wuta ana kashe ta ne a ranar farko tana ƙarama, kuma hakan yana bukatar mota da mutane a kusa. Wadda ta kuɓuce ita ke cin gari da ɗaruruwan miliyoyin daloli. Bayan haka sai inshorar gida: a watan Mayun 2023 kamfanin State Farm ya daina karɓar sababbin masu neman inshorar gidaje a Kalifoniya, yana ambaton haɗarin wuta a cikin dalilansa. Hayaƙi kuma ba ya tsayawa a iyaka, kamar yadda mutanen New York suka gani a Yunin 2023 lokacin da wutar Kanada ta mai da sararin samaniyarsu ruwan goro.

Dokar 2025 ta gyara tushen albashi, amma tsugunne ba ta ƙare ba. Ba ta samar da gidajen kwana masu sauƙin haya a tashoshin daji ba, ba ta kawo biyan awa 24 irin na Cal Fire ba, kuma har yanzu ƙarin lokaci ne ke cike gibin kasafin gida. Sannan akwai wata tsohuwar ƙa'ida da ke cin mutane a ɓoye: aikin wucin gadi da aka yi daga 1989 zuwa yau ba ya shiga lissafin shekarun fansho, ko da ma'aikacin yana son ya biya kuɗin daga aljihunsa. Mutumin da ya yi kaka takwas yana jan layi kafin a ba shi aikin dindindin, ranar da aka ba shi daga sifili zai fara ƙirga shekaru 20 ɗin da ake bukata, kuma doka ta ce yana cika shekara 57 zai ajiye aiki.